Gadon Gado da Sif ɗin Inna: A Riƙe ko a Kira Dillaliya?

Autar Inna

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema a kan wani abu da ya hana ni sukuni tun bayan ƙaramar salla. Mahaifiyarmu ta rasu bara a cikin birnin Kano, kuma da aka zo rabon gado, malamin da ya raba ya sa aka yi wa kayan ɗakinta kuɗi ɗaya bayan ɗaya, sannan aka tambayi wanda yake son wani abu a cire masa daga kasonsa. Cikin yayyena babu wanda ya ɗaga kai, ni kuwa na kasa jure ganin an kira 'yan gwangwan, saboda haka na karɓi gadonta na ƙarfe mai rumfa, da sif ɗin katako mai ƙofa biyu da madubi a tsakiya, da kwalla biyu, da adaka, da kujera 'yar tsugunno wadda a kanta ta tuƙa mana tuwo shekara da shekaru. Kayan suna jibge a shagon gidan babban wanmu, shi kuma yanzu yana so ya gyara shagon ya ba da haya.

Ni a Kaduna nake aure, muna zaune a saman bene, gidan haya mai ɗaki biyu da falo, kuma kayan da ke ciki duk na zamani ne da aka yi mini lokacin bikina. Maigidana bai hana ni kawo su ba, amma ya yi dariya ya ce in yi hattara kada gidan ya koma Gidan Makama, wato gidan tarihin Kano. Dillaliyar unguwarmu ta taya kayan gaba ɗaya a kan kuɗin da ba zai sayi katifa mai kyau ba. Abin da nake so in sani shi ne, yaya mutum zai gane tsohon kayan da ya cancanci a ba shi wuri a cikin gida, yaya kuma zai sa shi ya zauna tare da sababbin kaya ba tare da ɗakin ya zama kamar rumfar 'yan gwanjo ba?

Uwar Amare

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. 'Yata, zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba, domin na aurar da 'ya'ya mata huɗu kuma na san abin da bakin mutane yake yi wa ɗakin mace. Ranar da dangin mijinki suka zo suka tarar da gado mai rumfa a ɗakinki, ba za su ce kin riƙe tarihi ba, cewa za su yi abin hannun ɗan'uwansu ya ƙare har an koma kwasar kayan tsofaffi. Ban da wannan, tsohon gadon ƙarfe gidan kuɗin cizo ne, kuma idan suka shiga gidan bene sai sun zagaye maƙwabta. Zamani riga ne. Ki ɗauki 'yar tsugunnon da kwalla ɗaya don tunawa, sauran ki sayar ki yi mata sadaka da kuɗin, wannan ya fi mata amfani a inda take.

Kafintan Tudun Wada

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganar sadaka babu mai jayayya da ita, amma ina roƙon a bar ni in yi magana a kan sif ɗin kafin a yanke hukunci, domin shekarata talatin da ɗoriya ina riƙe da zarto, kuma yawancin aikin da nake samu yanzu gyaran kayan da ba su kai shekara biyar ba ne. Abin da ake yi wa amare a yau, wanda ake kira MDF, garin katako ne da aka kwaɓa da gam aka matse shi ya zama allo, sannan aka lulluɓe shi da leda mai sheƙi. Yana da kyau a ido, yana da sauƙin yanka, amma da zarar ruwan goge tayil ya riƙa taɓa ƙafarsa sai ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma idan aka kwance shi sau biyu wajen tashi daga gidan haya zuwa wani, ramin sukurun ya buɗe ke nan, ba ya sake kamawa. Sif ɗin da ya yi shekaru masu yawa yana tsaye da ƙafafunsa ya riga ya ci jarrabawar da wancan ba zai taɓa ci ba.

Sai dai ba kowane tsohon kaya ne na kirki ba, don haka ƙanwata, kada ki dogara da hoto, ki je da kanki, zuwa da kai ya fi saƙo. Ki sa a jawo sif ɗin daga jikin bango a fito da shi haske, ki fara dubawa ta baya da ƙarƙashi, wato inda kafinta ba ya ɓata banish, nan ne katako yake nuna ainihin fuskarsa. Idan maɗaci ne za ki ga ja-ja ne mai duhu, yana da nauyi ƙwarai, kuma idan kika danna farce ba zai lotsa ba. Idan loko ne, wanda 'yan kudu ke kira iroko, zai yi ruwan ƙasa mai ɗan rawaya-rawaya. Idan kuwa kika ga fari ne mara nauyi kuma farcenki ya shiga, to farin katako ne aka rina shi ya yi kama da maɗaci, ba shi da wata daraja ta musamman ko da ya tsufa.

Bayan haka ki zaro durowa guda ki juya ta ki dubi kusurwarta. Tsofaffin masu aikin hannu suna yanka bakin allunan biyu kamar haƙora su cusa su cikin juna, yadda ko gam ya mutu ba za su rabu ba, kuma za ki lura haƙoran ba su zo daidai wa daida ba, domin hannu ne ya yanka ba inji ba. Wanda aka haɗa da ƙusa kawai, aikin gaggawa ne. Ki kama sif ɗin ta sama ki ɗan girgiza shi: idan ya yi rawa gaba ɗaya kamar mai jin sanyi, gaɓoɓinsa ne suka saki, wannan kuwa gyaran yini ɗaya ne. Abin da ba ya gyaruwa shi ne cin gara. Ki ƙwanƙwasa ƙafafun da bayan cokali, inda ya yi ƙarar tulu babu ruwa, gara ta cinye cikin ta bar ɓawo. Akwai kuma wani ƙaramin ƙwaro mai huda katako, wanda yake barin ramuka kamar bakin allura. Ramukan kaɗai ba abin tsoro ba ne, domin wataƙila ƙwaron ya daɗe da mutuwa. Ki share ƙarƙashin, ki shimfiɗa baƙin ƙyalle, ki dawo bayan kwana uku ko huɗu. Idan kika tarar da gari mai laushi ya zubo a kai, yana nan da ransa, kuma kada kayan ya shiga gidanki sai an yi masa magani a waje.

Ɗan Haya

Malam kafinta ya yi bayanin inganci, ni kuma zan yi maganar da ta fi kowace ɗaci a wurin mu mazauna gidajen haya, wato maganar awo. Anti, kafin ki biya kuɗin mota daga Kano zuwa Kaduna, ki sayi tef ɗin awo ki auna abubuwa huɗu: faɗin ƙofar shiga gida, kwanar matattakalar bene, ƙofar ɗakin da za a sa kayan, da kuma tazarar da ke tsakanin ƙasa da fankar sama. Tsohon sif yawanci ba a kwance shi, a dunƙule yake, ba kamar na yanzu da ake kawowa allo-allo a haɗa a cikin ɗaki ba. Na taɓa ganin maƙwabcina ya yi awa uku da 'yan dako a kwanar bene, a ƙarshe sai da igiya aka jawo kayan ta baranda, madubin kuma ya tsage.

Shi gado mai rumfa an yi shi ne don ɗakin soro ko ɗakin azara mai tsawo, inda babu fanka a rataye. A ɗakin bene da aka yi wa silin ƙasa-ƙasa, ginshiƙan rumfar za su iya kaiwa kusa da fukafukan fanka. Sannan ki auna cikin gadon, domin tsofaffin gadaje sun fi na yanzu ƙanƙanta, katifa mai ƙafa shida da shida ba za ta shiga ba, sai dai mai ƙafa huɗu ko huɗu da rabi, ko kuma a yanka miki soso daidai da shi.

Autar Inna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ji maganarki kuma ban raina ta ba, ita ce ma abin da yake sa ni jinkiri. Game da shekarun kayan, abin da na sani shi ne Inna takan ce da fam da sule kakanmu ya sayi gadon, sif ɗin kuma daga baya Baba ya sa aka yi mata a wurin wani kafinta a Sabon Gari. Shin irin wannan ya kai a kira shi kayan tarihi, har ya yi kuɗin da ya wuce abin da dillaliya ta taya?

Malamin Tarihi

Malama, maganar fam da sule ta ba mu iyaka guda, domin naira ta fara aiki ne a ranar 1 ga Janairun 1973, saboda haka gadon ya haura shekara hamsin. Wannan bai kai shi matsayin da dillalan tsofaffin kaya na ƙasashen waje suke ba abin da ya cika shekara 100 ba, yana cikin rukuni na biyu, wato kayan yayin wani zamani da ya wuce, waɗanda darajarsu take ga ingancinsu da kamanninsu, ba ga tsufansu ba. Ina ganin gara a faɗa miki haka tun yanzu don kada wani ya sa miki rai da miliyoyi. Gadajen ƙarfe irin wannan masana'anta ce ta yi su da yawa, kuma sunan Vono ya shahara a kansu har mutane suka riƙa kiran kowane gadon ƙarfe mai sufirin da wannan suna. Abin da ya rage yawansu shi ne 'yan gwangwan, waɗanda suke saye a kan nauyin ƙarfe su kai a narke.

Akwai hanyoyi masu sauƙi na kintatar shekarun kaya. Ki kifa kwallar ki dubi gindinta, sau da yawa akwai tambarin ƙasar da aka yi ta. Idan kika ga sunan Cekoslobakiya, an yi ta kafin 1993, domin a ƙarshen 1992 ƙasar ta rabu gida biyu; idan kuma Jamus ta Yamma aka rubuta, kafin ƙarshen 1990 ke nan. A wajen kayan katako, yawancin abin da aka lulluɓe da fomeka yana nuna shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, suka shigo hannun ma'aikata kowa ya canja kayan falo. Wanda bayansa filawud ne da wuya ya girmi ƙarshen shekarun 1940, lokacin da aka buɗe babbar masana'antar filawud a Sapele. Wanda kuwa bayansa alluna ne na katako zalla da aka jera, mai yiwuwa ya girmi wannan, ko kuma kafinta ne mai tsohon hannu ya yi shi.

Tunda an taɓo maganar tarihi, bari in ja hankalin masu sha'awar saye. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta taƙaita cinikinsa ga wakilan da hukumar ta amince da su, kuma ba a fita da shi ƙasar waje sai da izini. Wannan ya shafi abubuwa irin su tsofaffin ƙyauren da aka sassaƙa da kujerun sarauta, bai shafi gadon Inna ba. A gefe guda kuma, mafi yawan abin da ake nuna wa baƙi a matsayin tsohon kaya sabo ne aka tsufar da shi da hayaƙi da toka. Kasuwar Kurmi ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, amma wannan bai sa duk abin da ke cikinta ya zama ɗan ƙarni na 15 ba. Kujerar Nupe mai ƙafafu da yawa, wadda ake sassaƙawa daga gungume guda ba tare da haɗi ba, har gobe ana yin ta, kuma sabuwar ma abin so ce, matuƙar an sayar maka da ita a matsayin sabuwa. Tsohuwa ta gaskiya ana gane ta ne a inda jiki ya goge ta: saman zama ya yi sulɓi, ƙasan ƙafafun ya cinye ba daidai ba. Wadda aka tsufar da gangan takan yi baƙi ko'ina bai ɗaya, har da wuraren da hannu ba ya kaiwa.

Amaryar Bana

Ni dai a ganina abin bai kai a yi ta dogon bincike ba. Anti, ki kai su wurin masu fenti a feshe gadon da sif ɗin da fari, a bi gefe-gefen da ruwan gwal, a canja hannayen ƙofar, za ki ga sun koma kamar kayan Turkiyya, babu wanda zai san tsofaffi ne. Da haka kin riƙe kayan Inna, kin kuma toshe bakin masu magana.

Kafintan Tudun Wada

'Yata, a kan gadon ƙarfe na yarda da ke, domin ƙarfe dama da fenti ya zo kuma fenti ne yake kare shi daga tsatsa. A kan sif ɗin kuwa ban yarda ba sam, idan har ya tabbata maɗaci ne. Wanda ya shafa wa maɗaci farin fenti ya biya kuɗi ne don a mayar masa da shi kamar MDF, alhali masu MDF ɗin suna biyan kuɗi a manna musu leda mai zanen maɗaci. Irin faffaɗan allon da aka yi ƙofar tsohon sif da shi, yanzu sai ka zagaye 'yan katako ba ka samu ba, domin manyan itatuwan sun ƙare. Ku dubi abin da ya faru da madobiya, yadda aka yi ta sare ta a dazukan Taraba ana lodawa zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da duniya ta sa wa ido a cinikinsu a 2017. Abin da sif ɗin yake buƙata shi ne a wanke dauɗar da ta taru da tsumma mai ɗan danshi, a bi shi da sanfefa mai laushi a hankali bisa tsawon zanen katakon, sannan a sa masa banish mara ƙyalli sosai ko a goge shi da kakin zuma. Hannayen tagulla kuma kada a yar, lemun tsami da toka suna dawo da su. Fenti ana iya shafa shi kowace rana aka ga dama, amma kankare shi daga cikin zanen katako aiki ne da ba ya dawo da abu yadda yake.

Ma'aikaciyar Jinya

Ina so in sa baki a kan maganar kankare fentin gadon, domin Anti ta ce da iyali take zaune. Tsofaffin fentin ƙarfe da na katako da yawa suna ɗauke da dalma, kuma Amurka ma sai a 1978 ta hana sa ta a fentin gidaje. Muddin fentin yana zaune lafiya haɗarinsa kaɗan ne, amma ranar da aka sa masa sanfefa a bushe, ƙurar da za ta tashi guba ce, ta fi kuma illa ga ƙananan yara da masu juna biyu, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa. Mun ga abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Can daga duwatsun zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Don haka a yi aikin a wajen gida, a jiƙa wurin kafin a goge, mai aikin ya rufe hanci, kada a ƙona fentin da wuta, kada kuma a bar yaro mai fitar da haƙori ya riƙa gatsar ƙarfen gadon.

Game da kuɗin cizon da Hajiya ta ambata, gaskiya ne suna ɓuya a mahaɗar ƙarfe da cikin sufirin, amma gadon ƙarfe ya fi kujerar kushin sauƙin tsarkakewa. A kwance shi gaɓa-gaɓa, a kwarara tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa, a shanya a rana kwana biyu ko uku, a yar da tsohuwar katifar. Ina roƙo kada a yi ta zuba fiya-fiya a ɗakin da yara suke kwana.

Mutumin Damagaram

Gaisuwa daga Zinder. Ni abin da na lura da shi a wannan muhawara shi ne ana ta tambayar ko tsohon kaya zai dace da sabon ɗaki, ba a tambayi ko sabon kayan ya dace da yadda muke zama ba. A gidaje da yawa, nan da can, za ka tarar da falo cike da manyan kujeru masu ruwan gwal, amma da lokacin cin abinci ya yi kowa sai ya sauko ƙasa, baƙo ma idan ya saba da gidan a kan kafet yake miƙe ƙafa. Ni da na gyara ɗakin baƙina, kujera doguwa ɗaya na bari, sauran wurin na shimfiɗa darduma, na jera tumtum na fata aikin dukawan garinmu, na ajiye adakar kakata a tsakiya a matsayin teburin shayi. Abu guda ne tsoho a ɗakin, shi ya sa ido yake sauka a kansa. Da na tara tsofaffin abubuwa goma a wurin, da babu wanda zai ga ko ɗaya.

Saboda haka 'yar'uwa, shawarata ita ce kada ki haɗa kayan Inna wuri guda kamar yadda suke a ɗakinta, domin wancan jere an yi shi ne don ɗakin da bangonsa duk samiru da tasoshi ne tun daga ƙasa har sama. Ki raba su, kowane ɗaki ya samu guda, kuma kowanne ki ba shi aikin yi. Kayan da ba shi da aiki shi ne yake zama tarkace, komai kyansa. Sannan ki duba launi: jan katako mai duhu yana son bango mai haske da labule mara hayaniya, idan kika jingina shi da bango mai fentin zane-zane sai su yi ta faɗa da juna.

Tsohon Akawu

'Ya'yana, ni dai nadama ce ta sa na yi magana. Lokacin da nake aiki an ba ni gidan gwamnati, a ciki akwai kujeru irin waɗanda muke kira na PWD, wato na ma'aikatar ayyuka ta gwamnati, masu faffaɗan hannu na katako da matasai biyu da ake cirewa a shanya, da teburin cin abinci wanda sai ƙarti huɗu suke ɗaga shi. Da aka yi gwanjon kayan na saye su a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Bayan na yi ritaya yara suka matsa mini cewa kujerun suna ba su kunya a gaban abokansu, na bayar da su kyauta ga mai gadinmu, na sayi kushin. Yau saiti na uku ke nan nake kai, shi kuwa mutumin har yanzu a kan kujerun nan yake karɓar baƙinsa, matasai kawai ya sake wa riga. Kuma ga mai ciwon gwiwa irina, kujera mai hannun katako da tsayayyen baya ta fi wadda mutum yake nutsewa a ciki sai an miƙo masa hannu.

Abu ɗaya zan ƙara a kan na kafinta, shi ne hunturu. Na taɓa sayen tebur na gwanjo a Legas, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, mai kyan gaske, na kawo shi arewa da damina. Sanyin farko da ya busa, cikin dare muka ji ƙara kamar an harba bindigar wasa, da safe muka ga saman teburin ya tsage daga wannan baki zuwa wancan, siririn katakon da aka manna a kai kuma ya fara ɗagowa. Katako yana shan danshi yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa, wanda ya saba da iskar bakin teku kuwa bai san bushewar arewa ba. Sif ɗin Innarki ya ga hunturun Kano fiye da arba'in, ya gama duk motsin da zai yi. Kada dai ki ajiye shi inda rana take dukansa ta taga, ko daidai bakin na'urar sanyaya ɗaki.

Uwar Amare

Alhaji, na ji, kuma a kan inganci ba ni da ta cewa, domin ni ma kayan 'yata ta biyu ko shekara uku ba su yi ba ƙofofin suka fara zubowa. Amma ina nan a kan bakana game da gadon. Namiji yana iya zama a kan tsohuwar kujera a ce dattako ne, mace kuwa da ɗakinta ake auna gidan ubanta, wannan ba ni na ƙirƙiro shi ba. Idan har za a kawo gadon, to kada ya zama a ɗakin da baƙi mata suke shiga su zauna.

Autar Inna

Iyayena da yayyena, na je Kano ranar Asabar na dawo jiya, ga kuma abin da na tarar. Sif ɗin da ƙyar mutum uku suka fito da shi tsakar gida. Bayansa alluna ne ba filawud ba, launinsa ja mai duhu, durowar kuma da haƙoran nan da Malam kafinta ya kwatanta, har na ga layin fensir ɗin wanda ya yi aikin bai goge ba. Ƙafar baya ta hagu ce kaɗai ta yi ƙarar tulu, kafintan da na kira ya ce zai yanke wurin ya yi mata ƙari da katako irinsa. Baƙin ƙyallen da na shimfiɗa ya kwana uku babu ko ɗigon gari. A durowar ƙasa na tarar da ragowar turaren wutar Inna a cikin wata 'yar kwalba, ƙamshin ya kama katakon gaba ɗaya, saboda haka na ce masa ya gyara waje kawai, kada sanfefa ta taɓa ciki.

Na auna, sif ɗin zai wuce ƙofa da kwanar bene idan aka cire ƙofofinsa da madubin aka hau da su daban, kuma zai maye gurbin wadrof ɗina da ƙasanta ya riga ya kumbura. Adakar za ta zauna a falo gaban doguwar kujera kamar yadda ɗan'uwa na Damagaram ya yi da tasa. Kwalla ɗaya na ba yayata da ta ce yanzu tana so, ɗayar kuma zannuwan gado zan zuba a ciki. 'Yar tsugunnon tana kicin tun jiya.

Gadon ne ya ƙi. Tsakanin saman rumfar da fukafukan fankar ɗakin yara bai kai taƙi ɗaya ba, mai gidan kuma ba zai yarda a cire fankar ba. Mai walda ya ce zai iya rage tsawon ginshiƙan huɗu ya mayar da kawunan tagullar a sama yadda suke, har a riƙa rataya gidan sauro a jikin rumfar, amma yayana ya ce idan yanke shi za a yi gara a bar shi a gidansa a ɗakin baƙi har mu yi namu ginin. Na ce masa ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Malam kafinta, idan an yanke ginshiƙin irin wannan gado aka sake haɗawa, walda tana riƙewa kuwa, ko ƙarfen ya yi siriri da yawa?